Sekondi da Takoradi: Bakin Tekun da Ya Juya Akalar Fataucinmu

Yawancin matasan da ke cikin wannan ƙungiya, in aka ce tashar jiragen ruwa, Tema ce kawai ke zuwa musu a rai. Can kwantena ke sauka, can ake kai-komo da takardun kwastan, can tirela ke kwana tana jiran lodi. Takoradi kuwa sai dai a ratsa ta in za a je Elubo a shiga Kwaddebuwa. Tunda dattawa suka ce a bikin bana a waiwayi baya, mun ga ya dace mu ba da labarin wannan gari, domin ta bakin tekunsa ne fataucin Zongon Kumasi ya fara fita duniya da jirgi, bayan shekaru aru-aru yana tafiya a bayan jaki.

Gari biyu ne aka haɗa. Sekondi ita ce babba a shekaru, Takoradi ita ce ta fi ƙarfi yanzu, kuma a 1946 aka gama su ƙarƙashin majalisar gari ɗaya. Ƙasar Ahanta ce, a Jihar Yamma, wadda su ne hedikwatarta. Wanda ya taso daga Maraɗi ko Katsina abin da zai fara lura da shi shi ne laima: iska mai gishiri da ke cin ƙarfe, da ruwan sama mai yawa wajen Mayu da Yuni. Tun ƙarni na 17 Turawan Holan suka kafa ganuwarsu a Sekondi, wadda ake kira Fort Orange, Ingilishi ma suka kafa tasu kusa da ita, suna sayen zinariya da bayi. A 1872 Holan ta sallama wa Ingila duk wuraren da take riƙe da su a wannan gaɓa. Har zuwa lokacin Sekondi ƙaramin gari ne na masunta, kuma babu abin da ya haɗa kakanninmu da ita.

Su fuskarsu arewa take kallo. Ayari zai taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafin rini da fatu da dabbobi, ya ƙetare Kwara, ya bi ta ƙasar Borgu, ya wuce Zugu da Sansanin Mango da Yandi, sannan ya sauka Salaga. Madugu ne ke gaba, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa. Tafiya ce ta watanni, zuwa da komowa kan cinye kusan shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka yi suna a wannan hanya. A Salaga kuma tafiya ke tsayawa, domin sarakunan Asante ba sa barin fatake su shigo daji su sayi goro a gindinsa. Tonawa ke kawo shi kasuwa, Bahaushe ya saya ya ɗaure ya juya. Shi ya sa har gobe ake cewa goron Gwanja, alhali ba a Gwanja yake tsirowa ba.

Abin ya fara warwarewa a 1874, lokacin da sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Salaga ta kuɓuce daga hannun Asante, Asante kuma ta karkatar da goronta zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. Sai yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa Salaga, mutanenta suka watsu zuwa Kete Karachi da Yeji da Kintampo, wasu har Ankara. A 1896 aka kama Asantehene Prempeh na ɗaya, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, daga nan shingen da ya hana baƙo zama a Kumasi ya faɗi. Sojojin Hausa da suka zo da Turawa, da fatake, da malamai, su suka taru suka zama Zongon da muke ciki.

A daidai wannan tsakanin ne aka fara shimfiɗa layin dogo daga Sekondi, a 1898. Ba don goro aka yi shi ba, kada mu ruɗi kanmu. Zinariya ake nema. Dogo ya kai Tarkwa a 1901, ya kai Obuasi a 1902, ya shigo Kumasi a 1903, tsawonsa mil 168. Kamfanonin haƙar zinariya na so su kai manyan injuna cikin daji ba a kan ’yan dako ba. Amma da tarago ya fara komawa bakin teku, sai ’yan goro suka yi lissafi. Goro kaya ne mai rai. A hanyar ƙasa kullum sai an kwance huhu, a tsince wanda ya ruɓe ko tsutsa ta shiga, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure, kuma duk da haka asara ba ta ƙarewa. Ga harajin sarakuna, ga ’yan fashi, ga jakin da zai mutu a hanya. To ga wata hanya ta buɗe: daga Kumasi zuwa Sekondi a jirgin ƙasa, daga Sekondi zuwa Ikko a jirgin ruwa cikin ’yan kwanaki. Da dogon Najeriya ya kai Kano a 1911, sai tafiyar ta zama ƙarfe da ruwa tun daga farko har ƙarshe. Abin da ke cin watanni ya koma makonni.

Cikin waɗanda suka fara gane wannan akwai Alhassan Ɗantata, Ba’agale ɗan Bebeji, wanda ya yi zama a wannan ƙasa yana fataucin goro, yana aika shi Ikko ta ruwa, kafin ya koma Kano ya shiga sayen gyaɗa ya zama attajirin da kowa ya sani. Mukan ji ana ba da labarin dalar gyaɗa, ba a cika faɗin cewa jarin farko a goron dajin Asante aka tara shi ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Gidaje da dama a Kumasi da Sekondi da Ikko sun ƙullu a wannan zamani: mai gida a nan yana saukar da baƙo, yana tsaya masa, dillali yana cin la’adarsa, ɗan’uwa a can yana karɓar kaya ya sayar ya aiko da kuɗi. Zongon Sekondi ma a kan haka ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya rasa a wannan sauyi shi ne madugu. Iliminsa na sanin rijiyoyi da mashigai da halin kowane sarki, a ’yan shekaru ya zama ba mai saye.

Sai dai Sekondi ba ta da wurin da babban jirgi zai matso gaɓa. Can nesa yake tsayawa, a loda kaya a kwale-kwale, matuƙa su yi ta kokawa da igiyar ruwa har su kai. Kaya kan jiƙe, wani lokaci kwale-kwalen ya kife. Ga wanda ke ɗauke da goro, ruwan gishiri ya taɓa huhu ai an gama. Gwamna Gordon Guggisberg shi ya dage a gina tasha mai zurfi a Takoradi, ’yan mil kaɗan yamma da Sekondi. An fara aiki a 1921, aka zuba duwatsu cikin teku aka yi katangu biyu masu karya ƙarfin ruwa, aka buɗe ta a 1928. Ita ce tasha mai zurfi ta farko a ƙasar. An sha sukar Guggisberg a kan kuɗin da ta ci, har da ’yan kasuwar Turawa cikin masu sukar, amma koko da katako da manganis na Nsuta suka biya bashin. Daga baya aka ƙara da boksayit na Awaso, ƙasar da ake narkawa a fitar da alminiyom. Daga wannan shekara Takoradi ta fara janye ciniki, Sekondi ta zauna da ofisoshin gwamnati da ma’aikatan reluwe.

Abin mamaki, tashar ta zo ne a lokacin da kasuwar goronmu ta teku ta fara ja baya. Irin goron da aka riƙa kaiwa Ikko, manoman ƙasar Yarbawa suka shuka shi wajen Agege da Shagamu, ya kuwa karɓe su. Har yau sunan da suke kiransa da shi daga kalmar Gwanja ya fito. Mai saye a Kano da zai samu goro a kan layin dogonsa, ba kuɗin jirgin ruwa, ba kwastan, me zai sa ya jira na Kumasi? Wato da hannunmu muka kai wa abokin gasa iri. Da motoci suka yawaita, abin da ya rage na fataucin goro ya koma kan titi, wasu iyayenmu kuma suka karkata ga shanu da albasa da hatsi da atamfa.

Akwai wani babi da ya sake haɗa Takoradi da ƙasar Hausa, wanda ’yan kaɗan suka sani. A Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, Ingila ta riƙa kawo jiragen sama na yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su a nan, su tashi. Daga 1940 aka fara. Sukan bi ta Ikko, su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, su ratsa Sudan zuwa Khartum, su ƙare a Masar. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. In ka duba taswira, rabinta na farko hanyar goro ce ta ruwa da dogo, rabinta na biyu kuma hanyar da alhazan ƙafa ke bi zuwa Makka.

Garin ma’aikata ne, kuma ma’aikatansa ba su da tsoro. ’Yan reluwe da ’yan tasha na Sekondi da Takoradi su ne ƙashin bayan yajin aikin Janairun 1950 da ya ƙarfafa Kwame Nkrumah, irin su Pobee Biney direban jirgin ƙasa. Su ɗin ne dai a Satumban 1961 suka yi wa gwamnatin Nkrumah yajin fiye da mako biyu saboda tilasta musu ajiyar wani kaso na albashi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1962, aka buɗe tashar Tema kusa da Ankara, kayan shigowa suka koma can, Takoradi ta zama ta fitar da ɗanyen kaya. Sai dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, wadda ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Zangunan bakin teku da na Kumasi duk sun ji a jikinsu. An rufe shaguna, an sayar da gidaje a wulaƙance, amanar da aka gina tsakanin mai gida da baƙo shekara sittin ta yanke a wata guda. Da Najeriya ta rama a 1983, mu ’yan iyaka mu muka sake shan wahalar.

Yau Takoradi ta farfaɗo ta wata fuska. An gano mai a teku a 2007, a rijiyoyin Jubilee, aka fara haƙa a ƙarshen 2010, kamfanonin mai suka cika garin, kuɗin haya ya tashi har ’yan gari suna kuka. An faɗaɗa tasha, an zurfafa ta, an yi sabon wurin sauke kwantena. Manganis da boksayit da koko na fita, alkama da kayan yin siminti na shigowa. Ofisoshin masu jigilar kayan Burkina Faso da Mali da Nijar sun san hanyar Ghana sosai tun rikicin Kwaddebuwa na 2002, lokacin da kayan Abidjan suka karkato nan. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe iyakar Benin, ’yan’uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka dogara da Kwatano sun ga yadda dogaro da tasha ɗaya ke karya ɗan kasuwa. Kaya sun yi watanni a ajiye, kuɗin ajiya yana hawa, wasu suka zagaya ta Lome da Burkina da rakiyar soja.

A nan ne ciwon yake. Dogon da ya haɗa Kumasi da teku a 1903 ya mutu a tsaye. Jirgin fasinja ya daina zuwa, ciyawa ta rufe ƙarfe, ’yan kasuwa sun kafa rumfuna a kan layi a tsakiyar Kumasi. Boksayit da aka gina wa reshe na musamman yanzu a tirela ake jan sa, yana farfasa titin da mu ma muke bi. An fara sabon layi mai faɗi daga wajen Kojokrom ana nufo arewa, amma har yanzu bai iso mu ba. Tashar tudu ta Boankra, kusa da Ejisu, wadda aka ce za a riƙa sauke kwantena a yi mata kwastan a nan ƙofar gida, fiye da shekara ashirin ana aza harsashi ana sake azawa. A ganinmu, ɗan kasuwar Kumasi da ke tura kaya Wagadugu ko Yamai bai kamata ya zama sai ya bi cunkoson Tema ba alhali ga tasha a yamma wadda aka gina ta tun farko don ta yi wa Asante aiki.

Sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka tana Ankara, Nijar da Mali da Burkina kuma sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga shi kowace tirelar albasa da ta taso daga Galmi sai ta ƙetare iyaka biyu kafin ta shigo Paga. Shawarar da muke kawowa gaban shugabanni a taron bana ita ce a naɗa wakilai su je Takoradi, su zauna da hukumar tashoshi da hukumar masu jigilar kaya, su kawo mana a rubuce kuɗin sauke kwantena da na ajiya da kwanakin da kaya ke yi kafin su fita, mu ajiye su gefen na Tema da na Lome mu gwada. Su kuma biya ta Zongon Sekondi su gai da dattawa, domin akwai gidajen da kakanninsu suka sauki namu.