Asalin Faransawan Kanada da Yadda Ake Bin Salsalarsu

Faransawan ƙasar Kanada, waɗanda a yau suka kai miliyoyi a lardin Kebek da wasu sassan Amurka, tushensu 'yan dubban mutane ne da suka ƙetaro teku a ƙarni na 17. Samuel de Champlain ne ya kafa garin Kebek a 1608, amma ƙasar ta daɗe ba ta yi jama'a ba, domin ƙidayar da Jean Talon, wakilin sarkin Faransa a can, ya yi a 1666 mutum 3,215 kawai ta samu, kuma maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba.

A 1665 Sarki Louis na 14 na Faransa ya tura rundunar Carignan-Salières mai soja kimanin 1,200 daga tashar jiragen ruwa ta La Rochelle, don ta yaƙi ƙabilun Irokwa, 'yan asalin ƙasar. Da aka yi sulhu a 1667, sai kimanin 400 suka zaɓi zama, aka yanka wa hafsoshinsu filaye a gaɓar kogin Richelieu, shi ya sa garuruwan Sorel da Chambly suke amsa sunayen waɗannan hafsoshi har yau. Daga 1663 zuwa 1673 kuma aka kawo mata kusan 800, da yawansu marayu daga birnin Paris, waɗanda ake kira 'yan matan sarki saboda baitulmalinsa ne ya ɗauki nauyin tafiyarsu. Daga auren waɗannan mata da sojoji da manoma ne mafi yawan zuriyar ta yaɗu.

Abin da ya sa ake iya bin wannan salsala shi ne rajistar coci, wato littafin da limaman Katolika suke rubuta baftisma da aure da jana'iza. Rubutun aure ya fi sauran daraja, domin a cikinsa ake ambaton iyayen ango da na amarya, idan kuwa baƙo ne, har da garin da ya fito a Faransa, ko a Normandi ko Poitou ko Perche. Wahalar tana wajen sojoji, domin kusan kowanne yana da laƙabin bariki irin su Lafleur da Jolicoeur, kuma jerin sunayen waɗanda suka zauna, wanda aka rubuta a 1668, galibi da laƙabin aka yi shi. Sau da yawa laƙabin ya danne sunan gida, ta yadda jikokin mutum ɗaya suke amsa sunaye biyu, gidaje biyu da ba su haɗa jini ba kuma suke amsa suna ɗaya. Mai bincike na ƙwarai ba ya yanke hukunci sai ya gwama rajistar da takardun yarjejeniyar aure.

Limami Cyprien Tanguay ne ya fara tattara waɗannan bayanai cikin juzu'i 7 tsakanin 1871 da 1890, aikin da ya cancanci yabo duk da kurakuran da aka gano daga baya. Tun daga 1966 Jami'ar Montreal ta ɗauki aikin sake gina jerin iyalan Kebek na farko daga rajistocin, kuma a kansa masu neman asalinsu suke dogara a yau.