Half of a Yellow Sun (fim)

Half of a Yellow Sun fim ne na haɗin gwiwar Najeriya da Birtaniya wanda ya fito a shekarar 2013. Biyi Bandele ne ya tsara labarin ya kuma ba da umarni. An ɗauko shi daga littafin Chimamanda Ngozi Adichie mai wannan suna, wanda aka wallafa a 2006. Fim ɗin ya bi rayuwar wasu tagwaye mata 'yan ƙabilar Ibo da mazan da suke so, ciki har da wani marubuci ɗan Ingila da rikicin 1966 da yaƙin basasa suka rutsa da shi a Najeriya. Sunan ya samo asali ne daga hoton rabin rana da ke jikin tutar Biyafara.

Labarin fim

Labarin ya fara a Legas lokacin bikin samun 'yancin kai na 1960. Olanna da Kainene 'ya'yan wani attajiri ne, sun dawo daga karatu a ƙasashen waje. Olanna ta tafi Nsukka wurin saurayinta Odenigbo, malamin jami'a mai zafin ra'ayin siyasa. Kainene kuwa ta karɓi kasuwancin mahaifinsu a Fatakwal, soyayya ta shiga tsakaninta da Richard Churchill, Baturen da ya zo Najeriya don rubuta littafi. Cin amana ya raba tagwayen, har sai da yaƙi ya sake haɗa su. Gab da ƙarshen yaƙin Kainene ta tsallaka bakin daga don neman kayan abinci, ba ta dawo ba.

Matsayin Richard

Richard shi ne baƙon da ya zama shaida. Yana filin jirgin sama sojoji suka shigo suka harbe 'yan ƙabilar Ibo a gabansa. A littafin, wannan ya faru ne a Kano, inda aka yi irin wannan kisa a filin jirgi ranar 1 ga Oktoba 1966. Littafin ya nuna cewa Richard ya koyi harshen Ibo, ya ƙi barin yankin bayan ɓarkewar yaƙi, ya kuma riƙa rubuta wa jaridun waje labarin Biyafara, domin sun fi yarda da abin da Bature ya rubuta. Ta haka ya tashi daga ɗan kallo ya zama mai ɗaukar ɓangare. Irin wannan ya faru a zahiri: Frederick Forsyth ya je yankin a matsayin wakilin BBC, ya bar aikin, ya wallafa The Biafra Story a 1969. A ƙarshen littafin Adichie, ba Richard ne ya rubuta tarihin yaƙin ba, Ugwu ne, yaron gidan Odenigbo. Fim ɗin ya rage rawar Ugwu sosai, kuma wannan na daga cikin abubuwan da masu sharhi suka soka.

Tarihin da ke bayan labarin

Ranar 15 ga Janairu 1966 wasu ƙananan hafsoshin soja suka yi yunƙurin juyin mulki. A Kaduna, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya jagoranci harin da aka kashe Firimiyan Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, a gidansa, inda Arewa House yake a yanzu. An kuma kashe Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Firimiyan Yamma Samuel Akintola. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi juyin ramuwar gayya, aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi, Yakubu Gowon ya hau mulki. A watannin Mayu da Satumba da Oktoba an kashe dubban 'yan Ibo a garuruwan Arewa, sauran suka gudu Gabas. Odumegwu Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka gwabza yaƙi daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Fim ɗin ya nuna waɗannan abubuwa ne ta idon iyalin da suka tsinci kansu a ɓangaren Biyafara, ya kuma saka tsofaffin hotunan labarai na lokacin.

'Yan wasa

Thandiwe Newton a matsayin Olanna
Anika Noni Rose a matsayin Kainene
Chiwetel Ejiofor a matsayin Odenigbo
Joseph Mawle a matsayin Richard
John Boyega a matsayin Ugwu
Onyeka Onwenu a matsayin mahaifiyar Odenigbo
Genevieve Nnaji a matsayin Miss Adebayo

Shiryawa

Andrea Calderwood ce furodusa. An ɗauki yawancin fim ɗin a 2012 a sutudiyon Tinapa da ke Kalaba da kuma Creek Town a Jihar Kuros Riba. Kafin ɗauka, wasu sun yi koke ta intanet kan bai wa Newton matsayin Olanna, saboda ita ba 'yar Ibo ba ce. Wannan ne dogon fim na farko da Bandele ya ba da umarni. Ya rasu a Legas a watan Agusta 2022.

Fitowa da takaddama

An fara nuna fim ɗin a bikin fina-finai na duniya na Toronto a Kanada, a watan Satumba 2013. An shirya haska shi a sinimomin Najeriya ranar 25 ga Afrilu 2014, amma Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ta jinkirta ba shi izini. Rahotanni sun danganta jinkirin da fargabar cewa wuraren da aka nuna kashe-kashe za su iya tayar da rikicin ƙabilanci. Bandele ya soki matakin a bainar jama'a. Bayan an yi wasu gyare-gyare hukumar ta amince a watan Yuli, aka fara nuna shi a Najeriya ranar 1 ga Agusta 2014.