Yadda sharhin fim ya taso a Kano

Tun lokacin da aka buɗe silimar Rex a Kano a shekarar 1937, kallon fim ya zo tare da al'adar tattauna shi, domin samarin da suka kalli fina-finai da dare su ne ke zama a majalisa washegari, wato dandalin hira na ƙofar gida, suna mayar da labarin ga waɗanda ba su je ba, suna kuma jayayya a kan jarumtar wane da muguntar wane. Wannan sharhi na baka ya daɗe yana hannun maza, saboda a wancan zamani ana ɗaukar zuwa silima abin kunya ga matar aure.

Fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990 da yaɗuwar kaset ɗin bidiyo suka shigar da fim cikin ɗakunan mata, sai muryarsu ta shigo cikin hukunci, kuma wannan shi ne sauyin da ya fi muhimmanci. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta mayar da hirar rubutu, inda masu karatu ke aiko da wasiƙun yabo da suka, musamman a kan rawa da waƙa.