Daga Nakiya zuwa Kek: Tarihin Kayan Zaƙi na Biki a Ƙasar Batsari da Safana

Duk wanda ya halarci biki a Batsari ko Safana a 'yan shekarun nan, ya kuma sami damar leƙa kayan garar da dangin amarya suke jerawa a tsakar gidan ango, lalle zai ga zamani uku ko huɗu sun haɗu a kan tabarma guda: ga nakiya wadda kakannin kakanni suka sani, ga alkaki yana ƙyallin zuma, ga dubulan da cincin cike da bokitai, sa'an nan a gefe guda ga kek a cikin kwali, an yi masa ado da furanni na sukari an rubuta sunan ango da amarya a bisansa. Matasa kan ɗauka cewa sana'ar yi wa mai biki abin zaƙi bisa yadda ya zaɓa baƙuwa ce da ta zo da wayar hannu, alhali kuwa tsohuwar sana'a ce ta mata a wannan ƙasa, wadda kayan aikinta suka yi ta sauyawa gwargwadon abin da hanya ta kawo da abin da zaman lafiya ya bari.

Ƙasar da muke magana a kanta, wato yammacin Katsina inda gonaki suke ƙarewa dajin Rugu ya fara, ba ta sami natsuwa ba a yawancin ƙarni na 19. Bayan da birnin Katsina ya shiga hannun Malam Ummarun Dallaje a zamanin jihadi, sarakunan Haɓe suka koma Maraɗi, wannan yanki ya zama bakin daga, ana zaune cikin garuruwa masu ganuwa irin su Ruma da Zakka, mutum ba ya nisa da gari sai da shiri. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka a shekarar 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, cikin ayarin Galadiman Sakkwato, suna tafe suna sauraron labarin mayaƙan Gobir. A irin wannan hali abin da mace za ta iya sarrafawa don biki bai wuce abin da ƙasa ta bayar ba: gero da dawa daga tudu, shinkafa daga fadama, man shanu daga rugar Fulani, da zuma daga amyar da ake ratayawa a itatuwan daji. Citta da kanumfari da masoro kuwa fatake ne suke kawo su, ana saye da ƙyar ana tattali.

Daga waɗannan ne aka haifi nakiya, wadda a ganina ita ce uwar kayan gara, kuma ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Ana jiƙa shinkafa a tsane ta, a daka ta ta zama gari, a soya garin a wuta mai sanyi har ya bushe ya yi ƙamshi ba tare da ya ƙone ba, sa'an nan a haɗa shi da kayan yaji da zuma da soyayyen man shanu, a zuba a turmi, mata majiya ƙarfi su yi ta kirɓa suna karɓa-karɓa har sai ta haɗe ta yi santsi, a cura ta a jera a masaki ko tukunya. Hikimar da ke cikin wannan aiki ita ce babu ɗigon ruwa da ya rage a jikinta, ga kuma zuma da mai sun rufe ta, saboda haka takan yi watanni, bal ma shekara, ba ta lalace ba, a ƙasar da ba a san ƙanƙara ba sai wadda ta faɗo daga sama. Amarya takan ɓoye tata a ƙuryar ɗaki, ta riƙa gutsura wa baƙon kunya da 'ya'yan dangin miji, kuma da yawa akan ci nakiyar aure har a kai ga sunan ɗan fari.

Alkaki shi ne na masu hali, domin alkama ba ta yi a damina, sai a lambu lokacin hunturu, ana ɗebo ruwa da jigo ana ba ta, don haka tun fil azal abincin sarakuna ne da attajirai da Larabawan da suka zauna a Kano da Katsina suna fatauci ta hamada. Ana ɓarza alkamar, a murje ta da mai, a kwaɓa da nono mai tsami a rufe ta kwana, da safe a sa ruwan kanwa a kashe tsamin, a murza a naɗe ta ƙulli-ƙulli, a soya a hankali har cikinta ya soyu, a tsoma a zuma tun tana da zafi. Kowane mataki daga cikin waɗannan yana da inda ake faɗuwa: in kanwa ta yi yawa ya yi baƙi ya yi ɗaci, in wuta ta yi yawa baya ya ƙone ciki ɗanye, in kwaɓi ya yi ruwa ya watse a cikin mai. Saboda haka ba kowace mace ke taɓa shi ba. A kowane gari akwai gwanaye sanannu, galibi dattijai, waɗanda uwar amarya takan aika wa tun da sauran makonni, ta faɗi tiya nawa take so da irin girman da take so, ta kai alkama da mai da zuma, gwana ta zo gidan biki ko ta yi a nata gidan, a biya ta ladan aiki da kuɗi ko hatsi, a kuma ɗebar mata rabonta. Wannan ita ce ainihin sana'ar da mai kek ta yau take yi, tun daga karɓar aiki da ƙayyade rana har zuwa kunyar da ke kama gwana in abin bai yi kyau ba.

Ya kamata a nan a bambance abin da shari'a ta nema da abin da al'ada ta ɗora. Walimar aure sunna ce, kuma a wuyan ango take, gwargwadon ikonsa. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu da ya yi ta ko da da tunkiya guda, kuma walimar aurensa da Nana Safiyya da dabino da cuku da man shanu aka yi ta, kamar yadda ya tabbata cewa yana son zuma da abin zaƙi. Gara kuwa al'ada ce, a wuyan iyayen amarya take, kuma asalinta alheri ne: a tallafa wa sabon gida da abinci har ya tsaya da ƙafarsa, a kuma raba abin zaƙi ga dangin ango da maƙwabta don amarya ta shiga cikinsu da farin jini. Malamai tun daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun yi ta gargaɗi a kan al'adun biki da suke kai mutane ga israfi da alfahari, amma ciyarwa da kyauta ba su ne abin zargi ba, sai in sun zama tilas da gori.

Da Turawa suka iso Katsina a 1903, yaƙe-yaƙen Maraɗi suka kwanta, mutane suka fito daga ganuwa suka bazu cikin daji suna sheme gonaki, ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina, wato Batsari da Safana, suka cika da ƙauyuka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya reshensa ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma abubuwa uku suka biyo shi waɗanda suka sauya kayan gara baki ɗaya. Noman gyaɗa ya bunƙasa, man gyaɗa ya wadata a hannun mata masu ƙuli-ƙuli har ya karɓe suya daga man shanu. Mazarƙwaila ta riƙa zuwa daga ƙasar Zariya, sukarin kanti kuma daga bakin teku, zuma ta fara ja da baya. Sa'an nan fulawa ta shigo, musamman bayan da kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkamar ƙetare a Apapa a 1962, aka kuma kafa wani injin a Kano bayan haka. Da fulawa da sukari da ƙwai ne dubulan da cincin da gireba suka yawaita har suka kai gidan talaka, masaki da akushi suka ba fanteka wuri. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina wajen 1967, ta yi mamakin yawan cinikin da matan kulle suke yi daga cikin ɗakunansu ta hannun yara masu talla, har ta nuna cewa kasuwa ce sukutum wadda idon baƙo ba ya gani. A cikin wannan ɓoyayyar kasuwa sana'ar kayan zaƙi ta girma.

Burodi da kek tare suka zo, daga unguwannin ma'aikatan jirgi da akawuna, amma da suka iso sai suka rabu. Burodi ya zama na maza: gidan burodi da tandarsa ta bulo mai cin itace, da lebura masu kwaɓi da dare, da mai shayi a bakin tasha. Kek ya shiga cikin gida ta hannun 'yan matan da suka koyi girki a makarantun kwana, da matan malaman makaranta da na ma'aikatan asibiti da aka kawo aiki, daga baya kuma ta cibiyoyin koyar da mata sana'a waɗanda suka yawaita bayan shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987. Abin da ya fi burge ni a wannan zango shi ne dabarar da matan suka yi da ba su da tanda: sai su zuba rairayi a gindin babbar tukunya su ɗora a murhu, su shafe gwangwanayen madara da mai su zuba kwaɓin, su jera a bisa rairayin, su rufe da faranti su zuba garwashi a kansa, wuta ta ci sama da ƙasa. A wannan shekara ta 1987, wadda a cikinta aka ƙirƙiro Jihar Katsina, gwamnatin soja ta hana shigo da alkama, fulawa ta yi tsada har zuwa lokacin da aka janye hanin bayan 'yan shekaru, mata suka gane cewa sabon abin zaƙin nan igiyarsa tana ɗaure ne a tashar jiragen ruwa ta Ikko.

Kek mai ado, mai hawa biyu ko uku, na kwanan nan ne ƙwarai. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, aka kafa jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011 ta tara samari da 'yan mata daga ko'ina, hotunan bukukuwan Kano da Abuja suka riƙa yawo a WhatsApp da Facebook, sai yarinya ta nuna wa mai kek hoto ta ce irin wannan take so, da launin ankon bikinta. Aka sami kek na kamu, da na suna, da na walimar saukar Alƙur'ani, da na gama makaranta. Mai yinsa a Batsari ko Safana tana fama da abin da takwararta ta birni ba ta san zafinsa sosai ba: kayan ado da kwalaye sai an sayo daga Katsina ko Kano, wutar lantarki ba ta da tabbas, zafin bazara yana narkar da kwalliyar bota kafin a kai gidan biki, kai shi kuma sai a bayan babur a hanya mai gargada. Ga tsadar fulawa da sukari da ƙwai tun bayan yaƙin Rasha da Yukren a 2022 da janye tallafin man fetur a 2023, wadda ta sa kuɗin da aka yi ciniki a kai yau ba ya isa sayen kayan aiki bayan mako biyu.

Amma babbar musibar da ta sami wannan sana'a, tsohuwarta da sabuwarta, ita ce ta 'yan bindiga. Dajin Rugu da yake ba da zuma ya zama wurin da ba a shiga, satar shanu ta watsa rugage man shanu ya yi wuya, fadamu da yawa aka bar su ba noma, mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin Batsari da Dutsin-Ma da Katsina suna gudun hijira. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum talatin a ƙauyukan Tsauwa da Dankar cikin dare guda. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku, har da Batsari da Safana, aka taƙaita kasuwanni da zirga-zirgar babura, mai kek da cinikinta duka yake a waya ta wayi gari ba mai kiranta. An ɗaura aure da yawa a gaggauce, aka kai amarya da rana tsaka ba gara ba guɗa. Duk da haka mata da dama da aka kashe mazajensu, da wannan suya da gashi suke ciyar da marayu, suna aika cincin da ƙananan kek kasuwar Alhamis da ƙofar makarantu.

Ba ni da ƙorafi a kan kek, domin halal ne, sana'a ce mai rufa asiri, kuma mai yinsa magajiyar gwanar alkaki ce ko ta sani ko ba ta sani ba. Abin da nake jin tsoro shi ne, shi kek na ganin ido ne da cin yini guda, kuma kusan duk abin da ke cikinsa saye ake yi daga nesa, alhali nakiya da alkaki ana raba su gida-gida su daɗe suna sada zumunci, kuma shinkafarsu da alkamarsu manominmu ne yake nomawa. Gwanayen da suka san ƙa'idar kanwa da ƙa'idar kirɓi suna tsufa, kaɗan ne daga cikinsu suka sami wadda ta zauna ta koya. Ina roƙon 'yan matanmu masu gasa kek a Batsari da Ruma da Wagini da Safana da Runka da Zakka, kowace ta nemi tsohuwar gwanar unguwarsu tun tana da rai, ta durƙusa ta koyi nakiya da alkaki a hannunta, ta sa su cikin abin da take sayarwa. Iyaye kuma su yi gara daidai ƙarfinsu, dangin ango su karɓi abin da aka kawo da godiya, kada a ƙara wa mutanen da tsoro ya riga ya gajiyar da su nauyin bashi.