Daga ribaɗi zuwa ajin jami'a: tafiyar ilimin tsaro a ƙasar Sakkwato

Mutumin Mandera, a ƙasar Sakkwato, da ke jin ana cewa tsaro fanni ne da ake karantawa a jami'a zai iya ɗauka baƙon abu ne. Alhali a maƙwabtansa aka daɗe ana karantar da shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna Sifawa har zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi na Bodinga, kuma a zaurukansu ba fiƙihun tsarki kaɗai ake bita ba. Ana tattauna hakkin talaka a kan sarki, da kiyaye hanya da kasuwa. Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkami. Muhammadu Bello kuwa ya mai da karatun aiki: ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, ya zaunar da makiyaya su yi noma su yi tsaro, ya ajiye musu malami da alƙali. Shi da kansa a ribaɗin Wurno ya rasu a 1837. A wajensa ganuwa da rijiya da makaranta duk aiki ɗaya ne.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai abin ya rabu biyu. Dogarai da 'yan dokan En'e suka riƙe gari da sanin kowane lungu, ilimin takarda kuma ya koma bariki, da Turanci. Bayan 'yancin kai aka yi ta gina makarantu: makarantar soja ta NDA a Kaduna a 1964, kwalejin hafsoshi ta Jaji a 1976, cibiyar nazarin manufofi ta Kuru a 1979, daga baya makarantar 'yan sanda ta Wudil ta fara ba da digiri. Duka masu amfani ne, amma galibi mai kaki suke koyarwa, kuma yaƙin da makarantun soja suka fi sani na runduna da runduna ne.

Ta'asar 'yan bindigar daji ce ta tona wannan giɓi. Ɓarayin shanu a kan babura, kuɗin fansa, harajin noma da ake ɗora wa ƙauye kafin a bar shi ya girbe gero: babu littafin bariki da ya yi bayaninsu. A 2021 Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na sashen tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar da bincikensa, bayan ya shiga daji ya zauna da 'yan bindigar ya ji ta bakinsu. A ganina wannan ya fi taro goma a otal daraja, domin ya nuna yadda rikicin burtali, zaluncin alƙalai da kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi suka haifi abin.

Abin da ke ci mini rai shi ne harshen. Gwamnatin Sakkwato ta ƙaddamar da askarawan tsaron al'umma a 2024, yawancinsu 'ya'yan ƙauye ne, amma binciken da zai amfane su yana kwance a ɗakin karatu da Turanci. Mai unguwar da ke fara ganin baƙuwar fuska a kasuwar Shagari bai taɓa jin abin da aka gano ba, ba kuma a cika zuwa tambayarsa abin da ya sani ba.