Jalalar Ubangiji da Iyakar Ikon Kaisar a Ibadar Kiristocin Farko

Tsakure

Wannan maƙala tana bin diddigin mas'ala guda, wato yadda iƙirarin rububiyyar Almasihu, wanda asalinsa lafazin ibada ne, ya zamo haddi ga ikon sarakunan Rum tun daga ƙarni na 2 har zuwa ƙarshen ƙarni na 4.

Shaidar gwamnan Bitiniya

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan al'amari daga hannun wanda ba Kirista ba ta fito, domin wajen shekara ta 112 Filini Ƙarami, gwamnan Bitiniya a arewacin ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan wasiƙa yana neman shawara game da Kiristocin da ake kawo masa ƙararsu, ya kuma bayyana cewa iyakar abin da bincikensa ya gano shi ne suna taruwa a wata rana ƙayyadaddiya kafin ketowar alfijir, su rera wa Almasihu waƙa kamar yadda ake yi wa abin bauta, sa'an nan su ɗauki alkawarin nisantar sata da zina da cin amana. Jarrabawar da ya shirya musu kuwa ba ta da wuya ga ido: a kawo siffar sarki tare da gumaka, mutum ya kira sunayen alloli, ya miƙa turare da ruwan inabi, ya la'anci Almasihu, a sallame shi.

Abin lura, wanda a ganina bai samu kulawar da ta cancance shi ba, shi ne waɗannan mutane ba 'yan tawaye ba ne, tunda wasiƙun Manzo Bulus sun umarce su da biyan haraji da yi wa masu mulki addu'a. Sun yarda su ba Kaisar, wato sarkin Rum, kuɗi da ɗa'a, amma ɗan turaren nan da bai cika tafin hannu ba suka hana shi, saboda a aƙidarsu sujada haƙƙin Allah ce, kuma wanda ya raba ta biyu ya warware mubaya'arsa. A kan haka aka kashe Folikaf, bishop na Simirna, wajen shekara ta 155, bayan an lallashe shi ya kira Kaisar ubangiji ya tsira da ransa, shi kuwa ya kafa hujja da shekaru 86 da ya yi yana bauta wa Sarkinsa Almasihu ba tare da ya taɓa cutar da shi ba.

Bayan sarakuna sun shiga ikilisiya

Da Sarki Kustantin ya ba addinin Kirista 'yanci a shekara ta 313 sai fitinar ta sauya kama, alhali kuwa hatsarinta bai ragu ba, domin jalalar da ake siffanta Allah da ita ta soma aron tufafin fada, har ya zamo da sauƙi mai mulki ya ɗauka cewa shi ne inuwarta a bayan ƙasa. A nan ne lamarin Amburos, bishop na Milan, yake da nauyi. A shekara ta 390 sojojin Sarki Tiyodosiyas suka hallaka dubban mutane a Tasalonika don ramuwar kisan wani kwamandansu, Amburos ya rubuta masa cewa ba zai gabatar da Jibin Ubangiji a gabansa ba sai ya tuba, sarkin da rundunonin daula ke ƙarƙashin umarninsa ya ajiye kayan sarauta ya nemi gafara a bainar jama'a, kafin a sake karɓarsa a lokacin Kirsimeti na wannan shekara. Gaskiya ne tubar ba ta dawo da rai ko ɗaya ba, kuma Amburos kansa ya yi amfani da wannan tasiri a wasu wuraren ta hanyar da adalci ba zai amince da ita ba, kamar hana sarki tilasta sake gina majami'ar Yahudawa da aka ƙone a Kalinikum a shekara ta 388.