Tsakanin Aji da Kafe: Yadda Rubuta Shafin Intanet Ya Shigo Zariya

Kwamfuta ta riga intanet zuwa Zariya da shekaru masu yawa. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da cibiyar kwamfuta tun zamanin manyan injinan nan da ke cika ɗaki, kuma ita ce daga baya aka sa wa sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Shi kansa ilimin kwamfuta ya daɗe a ƙarƙashin Sashen Lissafi, abin da ke nuna irin kallon da ake yi masa: reshe ne na lissafi. FORTRAN da COBOL da Pascal ake koyarwa, ana horar da ɗalibi ya warware matsala daki-daki kafin ya kusanci inji.

Shafin intanet kuwa ta wata ƙofar ya shigo. A 1989 ne Tim Berners-Lee, ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar binciken CERN kusa da Janiba, ya kawo shawarar haɗa takardu ta yadda ɗaya za ta kai mutum ga ɗaya. Shafin farko ya fito fili a 1991, a 1993 kuma CERN ta saki fasahar kyauta ga kowa. Harshen da ake rubuta shafin da shi, HTML, ba lissafi ba ne. Alamomi ne kawai da ke ce wa burauza nan kanun labari ne, nan hoto ne, nan kuma a danna a tafi wani wuri. Saboda sauƙin nasa ne manyan malamai ba su ɗauke shi abin da ya isa a ba shi kwas guda ba. Kuma saboda sauƙin nan ne ya faɗo hannunmu, mu da ko ƙofar jami'a ba mu taɓa shiga ba.

Bayan shekarar 2000 abubuwa suka zo a jere. A 2001 aka kafa hukumar NITDA, a shekarar kuma MTN da Econet suka fara aiki. Kafe-kafen intanet suka rinƙa tsirowa a Samaru da Kongo da PZ da Tudun Wada, wasu da layin NITEL mai tafiyar hawainiya, masu ƙarfi kuma da faranti a kan rufi. Da aka mayar da duba sakamakon WAEC da cike fom ɗin JAMB kan intanet, har wanda bai san inda ake kunna kwamfuta ba sai da ya taka ƙafa ya je.

Ni daga Jushi nake fita, in shiga bas a Sabon Gari, mu bi ta Kwangila da Palladan har Samaru. Kuɗin mota da na sayen lokaci ba sa haɗuwa a aljihuna sai jefi-jefi, don haka kwanan kafe ya fi mini: ana rufe ƙofa da dare, a buɗe da asuba, kuɗinsa ya fi sauƙi, layin kuma ya fi gudu tunda jama'a sun ragu. Yaron da ke kula da wurin, wanda muke ce wa Oga duk da bai girme mu da yawa ba, shi ya fara nuna mini sirrin. Ya danna linzami ta dama a kan shafin Yahoo, ya zaɓi View Source, sai ga Notepad ya buɗe cike da rubutu.

"Ka ga wannan tarkacen? Shi ne shafin. Kwafe kaɗan ka canza, ka ga abin da zai faru."

Na buɗe sabon fayil, na rubuta sunan unguwarmu tsakanin alamomi biyu, na adana shi da .html a ƙarshe, na buɗe da Internet Explorer. Sai ga JUSHI da manyan baƙaƙe a saman farin allo. Na canza lamba ɗaya, rubutun ya ƙanƙance. Na ƙara wata kalma, bangon ya koma kore. Abin da ya kama ni ke nan: ka taɓa, ka gani nan take, ba sai wani ya duba maka ya ba ka maki ba.

Da yake kowane minti kuɗi ne, ga NEPA ba ta da alkawari, a littafin rubutu muke yin yawancin aikin. In kwafo alamomin daga W3Schools, in dawo gida in tsara shafi guda da biro, sai ranar da na samu kuɗi in je in buga. Fulofi muke ajiya a ciki, shi kuwa zafi da ƙurar hunturu ba sa barin sa ya daɗe.

Akwai kuma ƙananan makarantun koyon kwamfuta da suka cika Sabon Gari da Samaru, masu ba da difloma ta 'yan watanni. Yawancinsu buga rubutu da Word da Excel da CorelDraw suke koyarwa, in an zo ƙarshe a ɗan taɓa FrontPage ko Dreamweaver, inda mutum zai ja hoto ya ajiye, manhajar ta rubuta masa alamomin a ɓoye. Na zauna a ɗaya daga cikinsu. Muna layi a bayan inji ɗaya, malami yana rubuta alamomin a allo da alli muna kwafa. Wanda ya fito daga nan yana da takardar shaida mai hatimi, amma in shafi ya karkace bai san inda zai leƙa ba.

Yajin aikin malaman jami'a da ya cinye kusan rabin 2003 shi ya haɗa mu da ɗaliban. Zaman gida ya ishe su, suka cika kafe. Nan na ga abin mamaki: ɗan aji uku a ilimin kwamfuta, wanda zai zana maka taswirar warware matsala a takarda ba gargada, yana tambayata yadda ake sa hoto a tsakiyar shafi. Shi ma, ashe, a takarda yake rubuta yawancin aikinsa, har jarrabawa. Mu talauci ya kai mu ga biro, su kuma yawan ɗalibai da ƙarancin inji.

Sai dai cikin mako biyu ya kamo ni, cikin wata guda ya wuce. Ranar da wani mai makarantar kuɗi ya nemi a yi masa shafin da iyaye za su duba sakamakon 'ya'yansu, nan iyakata ta bayyana. Wannan aikin PHP ne da MySQL, yana buƙatar a tsara rumbun bayanai, a san abin da zai faru in yara biyu suna da suna ɗaya, a san yadda ake ɓoye kalmar sirri. Ɗalibin ya ɗauki takarda ya zana tebur uku, ya haɗa su da layi.

"Malam, kafin ka taɓa kibod, fara sanin me kake ajiyewa, kuma wa zai gani."

Wannan babu View Source ɗin da zai nuna maka shi, domin a can cikin sabar yake gudana, burauza sakamakon kawai take gani. Aji ne ya ba shi, kuma ban taɓa jin ƙyashin faɗin haka ba.

Akwai abin da ba aji ba kafe, mu da kanmu muka yi fama da shi: ƙ da ɗ da ɓ. A nan Zariya aka daidaita rubutun boko, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, amma da muka zo sa Hausa a shafi sai baƙaƙen masu lanƙwasa suka rinƙa fitowa a matsayin akwati ko alamar tambaya. Farfesa Abdalla Uba Adamu a Kano ya ƙirƙiro samfurin baƙaƙe masu ɗauke da su, sai dai dole mai karatu ma ya kasance yana da su a injinsa. Wasu suka haƙura suna rubuta k' da d', wasu suka zubar da lanƙwasar gaba ɗaya. Mai rubuta alamomin shafi da kansa shi ya samu mafita, domin kowane baƙi yana da lambarsa a tsarin Unicode: 409 ita ce ƙ, 599 ɗ, 595 ɓ. A bangon littafina na rubuta su. Mai jan hoto a FrontPage bai ma san akwai wannan ƙofar ba.

Idan aka ce wane shi ya koya wa kansa, ina jinjina maganar. Babu wanda na sani a cikinmu da ya koya shi kaɗai. Koyon sana'a ne irin na shagon tela: ka zauna kusa da wanda ya fi ka, ka kalli hannunsa, ya ba ka ƙaramin aiki, ya yi maka tsawa in ka ɓata. Bambancin kawai babu wanda ya kai ka ya damƙa ka. Kuma wannan hanyar ba kowa ta buɗe wa ba. Wane uba ne a Jushi zai bar 'yarsa ta kwana a kafe? Matan da na sani a wannan sana'a kusan dukkansu ta aji suka shigo, ta jami'a ko Kwalejin Nuhu Bamalli ko FCE. Duk mai raina karatun makaranta ya tuna cewa ga rabin jama'armu ita kaɗai ce ƙofar da take buɗe.

Daga baya kasuwar ta juya. WordPress ya fito a 2003, Joomla a 2005, aka daina biyan mutum don ya rubuta kowane layi. Wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010, intanet ya koma cikin wayar hannu, ɗan kasuwar Sabon Gari ya ga shafin Facebook ya ishe shi. Kafe da yawa suka rufe, waɗanda suka rage suka koma cike fom da buga takardu. Yaron yau yana da darussan YouTube da ba mu taɓa mafarkinsu ba, amma a waya babu linzamin da zai danna ta dama, sai wanda ya sani ya gaya masa ya rubuta view-source a gaban adireshin. Shi ya sa in malaman sakandaren unguwarmu suka ce ba su da intanet, nakan ce musu darasin farko ba ya buƙatarsa. Tsohuwar kwamfuta ɗaya mai Notepad da burauza ta isa, muddin za a bar kowane yaro da kowace yarinya su zauna su buga da hannunsu.